Ƙofar Mataji da Ƙofar Ludayi

Akwai wani ƙara da na daɗe ban ji irinsa ba, kuma na san ba zan sake jin sa ba sai dai a cikin kaina. Ƙara ne siriri, kamar sauro ya faɗa cikin tulu, sa'an nan wani gurnani ya biyo baya, ƙurr, ƙurr, kamar kaza tana gyara kwanci a kan ƙwai. In ya lafa, maigidana ya ɗan taɓa nan ya taɓa can, sai wani ɗan tauraro kore ya fito a gefen baƙin gilashi, da wani ɗan layi kusa da shi yana ƙifta ido. Yana jira. Na ga mai jiran ruwan shuka, na ga mai jiran naƙuda, amma ban taɓa ganin abin da ya iya jira kamar wannan tauraro ba. Har yau, in na rufe ido bayan la'asar, yana nan yana ƙifta mini.

Jikata Rabi, wadda take koyarwa a wata firamare nan Batsari, ita ke rubuta wannan da nake faɗa, kuma na ce mata ta sa shi yadda ya fito daga bakina, kada ta yi masa kwalliya. Ni ban yi boko ba. Allo ma ban yi nisa ba aka cire ni, don a rugarmu, can bayan Tsaskiya, hannun ɗiya mace ba ya zama banza: ga tatsa, ga kaɗa nono, ga daka, ga tsinkar gyaɗa in kaka ta yi. Duk duniya haruffan boko goma sha ɗaya na sani, su ma ba da sunansu na san su ba, da kamanninsu, yadda muke sanin shanu. Yadda na same su, da abin da na yi da su, shi ne labarin.

A zamaninmu mace ba ta faɗin sunan mijinta, ba ta faɗin sunan ɗanta na fari. Kuma ba a suna kaɗai abin ya tsaya ba. Ba ki ɗaukarsa a gaban mutane, ba ki yi masa wasa, in ya faɗi ya fasa baki wata ce za ta ɗaga shi, ke kuwa ki ci gaba da tankaɗenki kamar ɗan maƙwabta ne. Kunya ke nan, kuma a wurinmu ado ce, ta fi 'yan kunne. Ranar da za a kai ni Safana gidan maigidana, Malam, innata ba ta yi mini doguwar nasiha ba. Ta ce, "In Allah ya ba ki na fari, na ji an ce an ji sunansa a bakinki, ko a bayan rumbu ne, to kin tuɓe mini zane a kasuwa." Yanzu kuwa ina zaune a layin asibiti in ga yarinya ta ɗaga ɗan farinta sama tana sumbatarsa, tana kiran sunansa sau uku a numfashi ɗaya, hotonsa ne ma a fuskar wayarta. Ban ce sun yi laifi ba. Kallonsu kawai nake yi, irin kallon da mai azumi yake yi wa randa.

Ta farin ɗiya ce. Sunan uwarmu ta farko aka sa mata, wadda duk mutane suka fito daga gare ta, kowa ya san sunan. Da aka yaye ta, yayar Malam, wadda muke ce wa Gwaggo, ta zo daga Runka da zanen goyo sabo, ta saɓa ta a baya, suka hau a-kori-kura. Ni ina bakin murhu ina hura wutar da ta riga ta kama. Haka ake yi, ba wanda ya zalunce ni, Gwaggo kuma ta riƙe ta da amana, ta sa ta makaranta. In sun zo da salla, yarinyar takan durƙusa ta ce, "Adda, ina wuni," don Adda take ce mini, kamar yadda ƙannena suke faɗa. Ni kuma in ce, "Lafiya lau. Ya mutanen Runka?" In ina son a miƙa mata tuwo, sai in ce a ba ta Gwaggo. Sunanta a bakina ke nan: ta Gwaggo.

Malam mai buga tafireta ne. Ya yi aiki da waɗansu masu haƙa rijiyoyin burtsatse, su suka koya masa kwamfuta, da suka gama aikinsu za su tafi suka bar masa wata tsohuwa, wai ba ta kai a ɗauke ta ba. Ya kafa ta a ɗakin zaure, ya samo ƙaramin janareta, yana buga wa mutane takardu: malamin da yake neman a mayar da shi kusa da gida, mai neman aiki, masu unguwa da koke-kokensu. In tana fitar da takarda, ƙaranta kamar ana yaga sabuwar atamfa, sai awaki su bar ƙofar gida. Aikina da ita shara ne. In lulluɓe ta da zane, in bi tsakanin maɓallanta da gashin zabo, in zagaye ƙafafun teburin da toka saboda gara, in kori kyanwa, don tana son ɗumin bayanta. Tsoronta nake ji a farko, ko zanen zan ɗaga sai na yi bisimilla. Na yau da nake gani a hannun kowa, sirara ne kamar faranti, suna magana, suna waƙa, suna nuna maka mutumin da yake Makka. Waccan ba ta san kome ba sai baƙi da kore, kuma ba ta cewa uffan sai an tambaye ta.

Wata rana Malam ya shigo ɗaki ban ji tafiyarsa ba, ya same ni ina ninke wata 'yar riga da yarinyar ta bari tun ranar yaye.

Ya ce, "'Yar Fillo, wannan rigar ko kyanwa ba za ta shiga ba. Wa kike ajiye wa?"

Na ce, "Tsumma ce. Tukunya zan riƙa saukewa da ita."

"Shekara biyar kina ninke tsumma, tukunyar ba ta tafasa ba?"

Na ci gaba da ninkewa. Ya tsaya yana kallona, ni ina kallon tabarma. Can ya ce, "Taso. Bakinki aka ɗaure. Ni dai ban ji wanda ya ɗaure miki yatsa ba."

Ya zaunar da ni a kan kujerarsa, abin da ban taɓa yi ba. Ya ce wannan na'ura ba wayo gare ta ba, biyayya gare ta. In na ga tauraro shi kaɗai, to tana tsakar gida ke nan tana jiran aike. Harafi ɗaya zan ba ta, in bi shi da babban maɓallin nan na dama, wanda yake nufin "to, je ki." Ya nuna mini wani miƙaƙƙe kamar taɓarya, ya ce wannan shi ne "shiga ɗaki." Na danna, na bi shi da babban, sai ga lamba ɗaya ta fito, da ɗigo biyu, da tauraro a gabansu. Ya ce, "Yanzu tana cikin ɗaki, alƙalami na hannunta. Duk abin da kika taɓa yanzu rubuta shi za ta yi, ba ta jin aike. In kina son ta sake jin aike, sai kin fito da ita tsakar gida." Fitowar kuwa da hannu biyu ake yi: ƙaramin yatsa ya danne maɓallin kusurwa, ɗayan hannun ya taɓa wani mai kama da lauje. Sai wani mai siffar fartanya, shi ne "shanya mini abin da na rubuta in gani." Sai wani mai ciki, in ka sa lambar layi a gabansa, ya tsinke layin ya jefar.

Na ce, "Mai ciki ce kuma take jefar da abu?"

Ya ce, "Haka waɗanda suka ƙera ta suka ga dama. In kin gan su ki tambaye su."

Sa'an nan ya gyara zama, ya ce saura ƙofa, kuma ƙofa biyu ce. Ɗaya mataji mai haƙori uku. In ka fita ta nan, duk abin da ka rubuta ya shiga faifai ya zauna, ko bayan shekara ka dawo za ka same shi. Ɗayar ludayi, da ɗan marikinsa a ƙasa. In ka fita ta nan, an zubar, kamar ba a taɓa rubutawa ba.

Na ce, "Ta ludayin za ka koya mini."

"Ai mataji ya fi sauƙi. Dannawa ɗaya ne."

"In ya zauna a ciki, ranar da mahaifiyarka ta zo, wani ya buɗe ya karanta mata fa? A ce wa ya rubuta?"

Ya yi dariya har da buga cinya, ya ce tsohuwar da ko rediyo ba ta yarda ta kwana ɗaki ɗaya da ita ba. Amma ya koya mini. In ka danna ludayi ba ta zubarwa nan take, sai ta rubuto wata doguwar magana ta tsaya. Ya ce tambaya take yi, wai ka tabbata a zubar? In ka tabbata, ka danna mai kama da gwafa. Ya ce, "Kin gani, 'Yar Fillo, ƙarfe ma ya fi ki tausayi. Shi yana tambaya." Kuma ko an zubar ɗin, inuwar rubutun tana nan a kan gilashi sai ka miƙa hannu ka kashe makunni, sa'an nan koren ya tattaru ya zama ɗigo ɗaya a tsakiya, ya ɗan yi jinkiri, ya mutu.

Daga ƙarshe ya kama yatsana ya bi da shi kan sunan. Tsani mai mataki ɗaya. Bukka. Rijiya. Haƙoran zarto. Bukka kuma. Na ɗaga kai, sai ga shi a tsaye a cikin baƙin gilashi, kore shar, kamar gero ya tsiro a sabuwar gona. Ban iya karanta shi ba, amma na san ita ce. Malam ya tashi ya ce zai duba man janareta, ya daɗe bai dawo ba, alhali da safe ya cika shi.

Daga ranar abin ya zama mana al'ada, ba mu taɓa yin maganarsa ba. In yana da aiki, aka kira la'asar, sai ya buɗe sabon shafi ya ɗaga murya yadda za a ji a cikin gida, "Na bar inji a kunne, a zo a share mini tebur." In shigo da gashin zabona, in saki labule. Taɓarya, to je ki. Tsani, bukka, rijiya, zarto, bukka, to je ki. In fito da ita tsakar gida, in danna fartanya don ta sake shanya mini shi, ya zama biyu. In zauna ina kallo gwargwadon raka'a huɗu da addu'arsu. A nan nake tambayar ta ko ta ci abinci, ko ƙurjin ƙafarta ya warke, ko Gwaggo tana yi mata kitso da zafi. Duk a zuci. In na ji takalman masallata, ludayi, tambaya, gwafa, makunni. Shekara biyu ina haka. Ban san sau nawa na'urar nan ta tambaye ni ko na tabbata ba, kuma ban taɓa ce mata a'a ba.

Ranar da abin ya faru kaka ce, gari duk ƙanshin ɗanyar gyaɗa. Ban san Gwaggo za ta shigo Safana ba, ashe ta kawo yarinyar a duba mata kunne. Gwaggo ta tsaya gaisawa da maƙwabta, ita kuma ta yi gaba. Ƙaran janareta ya hana ni jin sallamarta. Na gama danna bukkar ƙarshe ke nan na ce to je ki, sai na ga haske ya faɗo kan gilashin, an ɗaga labule. Na waiga. Ga ta tsaye, shekararta tara, da auduga a kunne, da ƙura har gwiwa, 'yar aji uku.

Na juyo da sauri. Na kai yatsa kan ludayi na danna. Ba tambaya. Na sake dannawa, na sake, na sake. Na manta tana cikin ɗaki, ban fito da ita tsakar gida ba, ba ta jin aike. Sai ludaya suka jeru a layi na biyu kamar an shanya su a kan danga, sunan kuma yana bisansu, ko motsi bai yi ba. Na ji numfashin yarinyar a bayan kafaɗata. Da ƙyar na tuna, na danne kusurwa na taɓa lauje, tauraro ya dawo shi kaɗai. Ludayi. Ta yi tambayarta, yadda ta saba, ba gaggawa. Na danna gwafa. Na laluba makunni na kashe. Ɗigon nan ya tsaya a tsakiya, a ganina ya fi kullum daɗewa.

Ta ce, "Adda, me kika rubuta?"

Da na yi shiru ma da ya fi. Amma kunya ta hau mini kai kamar zazzaɓi, sai na ji bakina ya ce, da muryar da ban taɓa yi mata ba, "Ni na iya rubutu? Shara nake yi. Dube ki, kin shigo wa mutane ɗaki da ƙura. Je ki wanke ƙafa!"

Ta dube ni, ta dubi baƙin gilashin, ta saki labule. Na ji ta tana zuba ruwa a bakin rariya.

Wannan ita ce magana mafi tsawo da na taɓa yi mata ita kaɗai, ba kowa a tsakaninmu. Daga ranar ban sake zama kan kujerar ba. Malam ya yi kiran a share tebur har ya gaji, in zo in share tebur ɗin da gaske in fita. Tambaya ɗaya ce ta zauna mini a ƙirji: ta karanta, ko ba ta karanta ba? In ta karanta, ta san uwarta tana kiranta a inda ba mai ji. In kuwa idonta bai kai ba, to abin da ta sani a kaina duka shi ne na kore ta saboda ƙura. Ba ni da hanyar tambaya. Ta girma, ta yi aure a Runka da wanda take so, tana sana'ar man gyaɗa da ƙuli. Ta haifi Rabi, ita ce ta farinta, kuma tun ranar suna take kiranta gatsal a gaban kowa. In sun zo gidanmu sai in ji ta cika tsakar gida, "Rabi! Rabi, zo nan!" Tsofaffi suna taɓe baki. Ni kuwa kowane kira sai in ji kamar da ni take, kamar tana cewa, ga yadda ake yi.

Na'urar ta riga Malam mutuwa. Wata rana aka kunna ta yi gurnaninta, tauraro bai fito ba, masu gyara suka ce ba a yin kayanta kuma. Ta zauna a lulluɓe har ɓeraye suka yi gida a ciki, 'yan gwangwan suka ɗauke ta. A ciwonsa na ƙarshe, ina ba shi kunu, Malam ya ce, "'Yar Fillo, ko sau ɗaya kin taɓa fita ta mataji?" Na ce ya sha kununsa yana hucewa. Ya ce, "Na duba faya-fayan nan duka, ɗaya bayan ɗaya. Na ce ko kin yi kuskure wata rana." Allah ya jiƙansa, ya yi mini abin da ya iya.

Sai zamani ya juya. Hanyar da muke bi da ƙafa daga Tsaskiya da ƙwaryar nono a ka, mu yi ta waƙa, ba abin da muke tsoro sai kumurci, ta zama hanyar da ake shiga da salati a fita da hamdala. Rugarmu babu ko turke. Garuruwan da na sani da amon turmi tun asuba, yanzu an ce ciyawa ta rufe masussukai. Wata ranar kasuwa mutanen daji suka tare motar da ta ɗauko 'yan Runka, ta Gwaggo tana ciki da galan ɗin manta, suka shige daji da su. Bayan wata biyu waɗansu suka dawo. Wata mata a cikinsu ta ce zazzaɓi ya kama ta Gwaggo a can, ta cika da kalmar shahada, su suka rufe ta a gindin wata marke da ba wanda zai iya sake gane ta. Ba mu ga gawa ba, ba mu da kabarin da za mu nuna.

A zaman makoki na zauna yadda aka koya mini. Ɗan fari ko a mutuwa ba a yi masa kuka a gaban mutane. Ana ta shigowa ana cewa, "Ya haƙuri?" ina cewa, "Haƙuri sai ma'aiki," idona a bushe, ina ma tuna wa mata su sauke dambu. Rabi tana can gefe tana kallona. Da gwiwoyina suka ƙi, ita ta ɗauko ni ta kawo ni Batsari, ba ta rage ni da kome ba, ci da sha da magani. Amma wasan jika da kaka ya mutu a tsakaninmu. Yarinyar da take sace mini goro ta ce tsohuwa ba ta da haƙorin cinsa, ta koma "Ina kwana, Kaka," "Ga maganinki, Kaka." Sau ɗaya ta faɗa, tana tsince shinkafa, ba ta ko ɗago ba: "Har Umma ta bar duniya ba ta taɓa jin sunanta a bakinki ba. Ko ranar da aka ce ta mutu." Ta yi gaskiya, ni kuma ba ni da shaida ko ɗaya. Duk na zubar da su da hannuna.

Watan jiya wani mai babur ya kawo buhu daga Runka, mahaifin Rabi ya aiko da abin da ya rage na ɗakin marigayiya. Kwanuka ne da langogi da kofunan silba, duk sun yi ƙura. Na ce a bar mini in wanke, zama ya ishe ni. Na ja kujera bakin rariya da hantsi, na ɗauki wata langa mai furanni, na wanke cikinta, na kife ta don in cuɗa gindin. Kowace mace tana yi wa kwanukanta alama da jan farce saboda biki, kada su ɓace a cikin na mutane, wata ɗigo uku, wata kuros. Na goge kumfa da babban yatsa. Lamba ɗaya. Ɗigo biyu. Tauraro. Tsani, bukka, rijiya, zarto, bukka.

Na ɗauki wani kwanon na kife. Haka. Na ɗauki kofi. Haka, an matse shi ƙanana don ya shiga.

Na ce, "Rabi." Muryata ta sa ta fito da gudu da allin makaranta a hannu. "Wannan alamar fa?"

Ta ce, "Sunanta ne mana. Haka take yi wa komai nata, har murfin galan."

"Na gaban sunan nake tambaya. Ɗayan nan da tauraron."

"Oho, wannan. Ado ne kawai, ina ji. Na taɓa ce mata, Umma, ba a sa lamba a gaban suna, sai ka ce jarabawa. Ta ce ita haka ta taɓa ganin an rubuta shi, kuma duk rubutun da aka yi mata a duniya ba wanda ya kai shi kyau. Na ce wane malami ne? Sai ta yi dariya ta ce wai in je in wanke ƙafa. Ƙafata kuwa tas take. Kullum in na matsa mata da tambayar, abin da take cewa ke nan." Ta tsaya. "Kaka? Kaka, mene ne? Sabulu ne ya shiga idonki?"

Kukan da ban yi ba ranar yaye, da wanda ban yi ba ranar makoki, shi ya zo mini a bakin rariya, da langa a cinya, har maƙwabta suka leƙo ta katanga. Rabi ta durƙusa a cikin ruwan wanke-wanke ta riƙe ni. Da na samu numfashi na ba ta labarin tun daga gashin zabo. Ta yi kuka, ta yi dariya, ta ce, "Ashe tsohuwar nan 'yar boko ce, kika bar ni ina karanta miki takardar magani." Rabona da ta ce mini tsohuwa tun kafin a tare motar.

Ita ta ce a rubuta, kuma a wayarta take rubutawa, da manyan yatsu biyu, da sauri kamar kaza na tsattsagar tsaba. Na tambaye ta ina ƙofofin suke. Ta ce na yanzu ba su da ƙofa, ba sa tambayar kowa, da kansu suke ajiye komai tun kana rubutawa. Na ce to madalla, amma ni ban yarda da abin da ba a ce masa ya ajiye ba. Ta nemo mini haruffan ta ƙara musu girma, na ga matajin nan, haƙoransa uku, bai tsufa ba. Ta ce in na danna shi ba abin da zai yi, harafi ne kawai zai zauna a ƙarshen shafi. Na ce ya zauna.

Amma kafin nan, Rabi, ajiye yatsunki ki dube ni, wannan ba da yatsa za a fara yin sa ba. Innata ta daɗe a ƙasa, zanenta ba mai tuɓe shi. Ki ji da kunnenki, sa'an nan ki rubuta.

Hauwa. Ɗiyata ce, ta fari. Hauwa.

To, miƙo mini matajin.